Yen 500 a Takebashi: gidan zane-zanen zamani na Tokyo

An ce araha ba ta ado, amma a duk wuraren da na biya kuɗi na shiga a Tokyo ban ga inda yen 500 ta yi mini aiki kamar a MOMAT ba, wato gidan adana zane-zanen zamani na ƙasar Japan da ke gefen fadar sarki. Kuɗin bai kai na abincin rana ɗaya ba. Da shi za ka zaga hawa uku na bene, ka ga ayyuka wajen 200, kuma in ka bi su a jere yadda aka tsara, za ka fito ka san abin da ya faru da Japanawa daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau fiye da wanda ya ƙare hutunsa a kantunan Ginza da Akihabara. Ni ba mai zane ba ne. Aikin hanya na karanta, shi ya kawo ni ƙasar nan ƙarin karatu, don haka mai neman sharhin masana sai ya yi haƙuri. Abin da ido ya gani da abin da aljihu ya biya zan faɗa.

A kula da suna tukuna, domin gidajen zane a Tokyo suna da yawa kuma sunayensu na kama da juna. Akwai wani babba mai bangon gilashi a Roppongi, akwai na zane-zanen Turai a Ueno, akwai kuma na ayyukan 'yan yau-yau a gabashin birni kusa da lambun Kiba. Ba su nake nufi ba. Wannan yana cikin lambun Kitanomaru. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Tozai, ka sauka a tashar Takebashi, ka fita ta ƙofar 1b. Tafiyar minti uku ce, ka tsallaka gada, ruwan da ya kewaye fadar sarki yana gefenka, masu gudun motsa jiki suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya, domin hanyar da ta zagaye fadar, mai tsawon kilomita 5, ita ce filinsu.

Ginin kansa ba ya ɗaukar ido. Dogon akwati ne mai launin toka, ga wani ƙarfe mai tsayi a tsaye a harabarsa, aikin Isamu Noguchi. An buɗe gidan a 1952 a unguwar Kyobashi, cikin tsohon ofishin wani kamfanin fim, kuma shi ne gidan zane na farko mallakar gwamnatin ƙasar. Da wurin ya yi kaɗan, sai Ishibashi Shojiro ya gina wannan ya ba da kyauta, aka tare a 1969. Wanda bai san sunan ba ya san tayarsa: shi ne ya kafa kamfanin Bridgestone. Taniguchi Yoshiro ne ya zana ginin.

Tikiti iri biyu ne, kuma a nan ne shawarata ta farko take. Akwai na baje koli na musamman da ake yi a hawan ƙasa, wanda ke canzawa lokaci zuwa lokaci, kuɗinsa kan ninka na ɗayan sau uku ko huɗu, kuma nan ne jama'a ke yin cincirindo. Akwai kuma na kayan gidan kansa, wanda suke kira MOMAT Collection. Babba yen 500, ɗalibin jami'a 250, yara 'yan ƙasa da shekara 18 da dattawa daga 65 zuwa sama kyauta. Ranar Juma'a da Asabar ana kaiwa ƙarfe 8 na dare, kuma daga ƙarfe 5 na yamma kuɗin babba yana sauka zuwa 300. Sauran ranaku daga 10 na safe zuwa 5 na yamma ne, Litinin a rufe. Wanda ya sayi tikitin baje koli na musamman zai iya hawa sama da shi a ranar ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai abin da na lura shi ne yawancinsu kafin su gama da ƙasa ƙafa ta gaji, sai su leƙa saman a gurguje ko su tafi gida. Sun bar nama sun ci romo. Baƙon da ya zo Japan don ya ga Japan, ƙaramin tikitin ya fi masa.

Ka ajiye jaka a akwatunan ajiya na ƙasa, ka riƙe ƙwandalar yen 100 domin makullin, za ta dawo maka in ka buɗe. Lema tana da nata wurin a bakin ƙofa. In kana son rubutu ka zo da fensir, ba a son biro kusa da zane. An yarda a ɗauki hoton yawancin ayyukan matuƙar ba a kunna fitilar kamara ba, waɗanda aka hana kuwa an sa musu alama. Daga nan sai lif zuwa hawa na 4. A Japan hawan ƙasa shi ne na 1, saboda haka na 4 ɗinsu hawa uku ne daga ƙasa. Daga can ake farawa a gangaro, shekaru suna ƙaruwa kana sauka.

Kafin ka shiga ɗakunan zane akwai wani ɗakin hutawa mai faffaɗar taga, da kujerun waya a jere. Daga nan kana kallon ganuwar dutse ta fadar sarki, da ruwan da ke gindinta, da bishiyoyi, can baya kuma dogayen benayen Marunouchi. Mutane da yawa nan suke fara zama. Ni na fi son in bar shi sai na gama hawan, lokacin da gwiwa ta fara magana.

Ɗaki na farko shi ne na fitattun ayyuka, kuma abin da ya fara tare ni a ciki zane ne da ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba: Kannon, wadda mabiya addinin Buddha suke girmamawa, sanye da fararen kaya, tana tsaye a kan wani dodo mai siffar maciji, suna fitowa daga cikin gajimare. Harada Naojiro ya yi shi a 1890 bayan ya dawo daga karatu a Munich ta ƙasar Jamus. Abin da aka zana na gargajiyar Asiya ne tsantsa, amma fentin mai ne na Turawa, da haske da inuwa irin na zanen coci, har dodon ya yi kamar dabbar da za ka iya taɓa ɓawonta. Da aka nuna shi a wancan lokaci an yi ta gardama a kansa. Wannan gardamar ita ce kan zancen gidan gaba ɗaya, kuma in ka riƙe ta, sauran ɗakunan ba za su ruɗe ka ba.

Ga yadda abin yake. Bayan sauyin mulki na 1868, gwamnatin Sarki Meiji ta buɗe ƙofa ta shigo da komai na Turai da gaggawa: jirgin ƙasa, kayan soja, aikin likita, har da zane. A 1876 ta buɗe makarantar koyar da zanen Turai ta ɗauko malamai daga Italiya, cikinsu da Antonio Fontanesi. Ba a jima ba wasu suka ga kamar za a zubar da na gida, sai Okakura Tenshin da wani Ba'amurke mai suna Ernest Fenollosa suka tashi tsaye don kare shi. Daga nan masu zanen ƙasar suka rabu gida biyu. Masu bin salon Turai da fentin mai a kan ƙyalle, ana ce wa aikinsu yoga. Masu riƙe kayan aikin gargajiya, ana ce wa nasu nihonga. Waɗannan na biyun duwatsu masu launi suke niƙawa su zama gari, shuɗi daga wani dutse, kore daga wani, fari kuma daga ɓawon ƙumbar teku da ya shekara yana shan rana. Garin ba ya kama takarda ko siliki shi kaɗai, sai an kwaɓa shi da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, kamar dai yadda ƙaro yake riƙe tawadar allo. Shi ya sa in ka matsa kusa da zanen nihonga ka kalle shi ta gefe, za ka ga fuskarsa tana da yashi-yashi, tana ɗan ƙyalli.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne babu ɓangaren da ya tsaya inda yake. Masu nihonga sun ɗauko dabarar nisa da kusa daga Turawa, masu yoga kuma da suka je Paris suka dawo sai suka tarar hasken rana da launin ƙasar garinsu ba irin na Faransa ba ne, dole su nemo wata hanya. Kowa yana leƙen kwanon ɗan'uwansa yana cewa bai leƙa ba.

Zanen da ke mayar da ni gidan nan ƙarami ne, faɗinsa bai kai hannu biyu ba. Kishida Ryusei ya yi shi a 1915, kuma hanya ce kawai. An yanka tudu a unguwar Yoyogi, an fitar da hanya ta jar ƙasa tana hawa sama, a hagu sabuwar katangar dutse fara fat, a dama gaɓar ƙasa da ciyawa, a sama shuɗin sarari. Babu mutum, babu keke, babu kare. Sai inuwa baƙa siririya da ta gitta hanyar daga dama, ta turken waya wanda shi kansa ba a zana shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin aikin hanya bayan an yanka ƙasa, kafin a zuba tsakuwa, ya san wannan kamannin. Ƙasar ba a daddage ta ba tukuna, ta tsattsage, ruwan sama ya fara yi mata zirin kwazazzabo, kuma ba a yi mata magudana ko ɗaya ba. Damina ɗaya mai ƙarfi za ta cinye ta. Kishida ya zana kowane dunƙulen ƙasa da kowace tsaga da haƙurin da ya ɗauko daga tsofaffin masu zanen arewacin Turai, amma ya karya ƙa'idarsu da gangan: maimakon hanyar ta yi nisa ta shige cikin zanen, sai ta kumbura ta taso maka kamar za ta faɗo a ƙirjinka. In da a takardar awo aka kawo mini wannan gangaren da na mayar da shi. A bango kuwa daidai yake, domin haka tudu yake yi wa mai hawansa da ƙafa. Yoyogi a yau tana tsakanin Shinjuku da Shibuya, ba ka samun tafin hannu ɗaya na ƙasa a buɗe sai a lambu. Zanen ya kama ranar da birni ya fara cin ƙauye, kuma turken wayar nan da ba a gani shi ne ɗan aiken birnin. Gwamnati ta sa shi cikin muhimman kayan al'adun ƙasa da doka ke karewa.

A nan ya kamata in faɗi abin da mai zuwa da iyali zai so ya sani tun daga gida. Akwai zane-zanen tsiraici da mutum-mutumin tagulla marasa sutura a wannan hawa, ba su da yawa amma suna cikin fitattu. Ɗaya shi ne na Yorozu Tetsugoro na 1912, mace kwance a kan ciyawa mai kama da harshen wuta, aikin da ya gabatar don kammala makarantar zane ta Tokyo, malamansa suka ba shi na 16 cikin ɗalibai 19. Yau shi ma yana cikin kayan da doka ke karewa, sunayen yawancin waɗanda suka fi shi maki kuwa sai mai bincike. Ranar da na je da uwargida da 'yarmu, tun daga bakin ɗakin ta hango shi ta ce, "Abban Ummi, mu bi ta can," muka bi ta can. Ɗakunan a buɗe suke, kaucewa ba ta da wuya.

Sauran hawa na 4 zan bi shi da sauri. Akwai hoton wani makaho ɗan ƙasar Rasha, Vasili Eroshenko, wanda Nakamura Tsune ya zana a 1920 yana fama da tarin fuka, cutar da ta kashe shi a 1924. Fuskar tana da natsuwar mai sauraro, kuma ban ga zanen makaho da ya girmama mai shi kamar wannan ba. Akwai na Koga Harue na 1929 mai suna Teku, inda ya tara jirgin ruwa mai nutso da aka yanke cikinsa ana ganin injinsa, da masana'anta, da kifaye, da jirgin sama mai kumbo, duk a fili ɗaya kamar an yanko su daga mujalla. Yara suna son sa. Ni ina ganinsa a matsayin tallan zamani da mai shi bai gama yarda da kayan da yake tallatawa ba.

Wanda ya yi sa'a zai tarar an shimfiɗa naɗaɗɗen zanen Yokoyama Taikan na 1923. Tsawonsa ya haura mita 40, baƙar tawada ce kawai a kan siliki, kuma labarin ruwa yake bayarwa: hazo a kan dutse ya zama raɓa, raɓa ta zama rafi, rafi ya zama kogi ya ratsa ƙauyuka da masunta, ya faɗa teku, daga teku guguwa ta ɗaga shi ya koma gajimare. Ana bin sa daga dama zuwa hagu, kana tafiya a hankali a gefen gilashi. An fara nuna shi a Ueno ranar 1 ga Satumba 1923, kuma kafin azahar ta ranar girgizar ƙasar Kanto ta auku, wadda ta hallaka mutum fiye da 100,000. Zanen ya tsira. Ba kullum ake fito da shi ba, kuma ba kullum ake buɗe shi duka ba.

Hawa na 3 shi ne dalilin da ya sa nake cewa kada a tsaya a ƙasa. A nan yaƙi yake.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan Japan ta ɗauki manyan masu zanen ƙasar ta ba su aikin zana fagen fama, a manyan ƙyallaye, don a zaga da su gari-gari jama'a su gani. Bayan an sha kaye, sojan mamaya na Amurka suka tattara su, aka kwashe su zuwa Amurka a 1951. A 1970 aka dawo da 153 daga ciki, amma ba a matsayin kyauta ko mayarwa ba, a matsayin aro marar wa'adi. Har yau abin da ke rubuce a ƙaramin allon da ke gefen kowanne ke nan. Zanen Japanawa, a babban birnin Japan, a hannun Japanawa, amma aro. An shirya nuna su a 1977 aka fasa dab da buɗewa, kuma tun daga lokacin kaɗan-kaɗan ake fito da su, a sa a cikin jerin sauran ayyuka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na Fujita Tsuguharu ne. Mutumin nan ya tafi Paris a 1913, ya yi suna a can da zanen mata da kyanwoyi a kan wani farin fenti mai santsi da ya ƙi faɗa wa kowa sirrinsa. Irin wannan aikin nasa ma yana gidan, a hawa na sama. Sai ga shi a 1943 ya zana faɗan ƙarshe na tsibirin Attu, can kusa da Alaska, inda sojan Japan fiye da 2,000 suka ƙare a watan Mayu na shekarar, waɗanda aka kama da rai ba su kai 30 ba. Faɗin zanen ya haura mita biyu da rabi, kuma kusan launi ɗaya ne, ruwan ƙasa mai duhu kamar taɓo. Daga nesa ba ka gane komai. Sai ka matso ido ya saba, sannan hannuwa su fara fitowa, da bakuna a buɗe, da wuƙaƙen bindiga, gawa a kan gawa, ba ka iya raba na Japan da na Amurka sai da ƙyar. Fujita bai taɓa zuwa Attu ba, a ɗakin aikinsa na Tokyo ya ƙago shi. Da aka nuna shi a lokacin, mutane suna tsayawa gabansa su haɗa hannu suna addu'a, suna jefa kuɗi a akwatin da aka ajiye.

Na ji masu cewa zanen a ɓoye adawa yake yi da yaƙi, tunda babu wanda zai kalli wannan tarin gawa ya yi sha'awar shiga soja. Ban yarda ba. Hukumar soja ta karɓe shi hannu biyu ta zaga da shi, kuma ta san abin da take so: a lokacin an daina yi wa jama'a alkawarin nasara, an koma koya musu cewa mutuwa gaba ɗaya ita ce daraja. Zanen ya yi wannan aikin, ya kuma yi shi da gwaninta, abin da ya sa ya fi ban tsoro ke nan. Na faɗan tsibirin Saipan da ya yi a 1945 ya fi muni, domin a can mata ne da yara a bakin gaɓar dutse. Bayan yaƙi 'yan'uwansa masu zane suka nuna shi da yatsa, alhali da yawansu sun ci daga tukunyar. Ya bar Japan a 1949 bai sake komawa ba, ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1955, ya rasu a 1968.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ɗaki, ko da bai sani ba. Sojan da waɗannan zane-zane suke yabo su ne waɗanda kakanninmu suka tarar a dajin Bama, wato ƙasar Burma, Myanmar ta yau. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Ingila ta kwasa daga Nijeriya da Gold Coast (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, sun yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan tsakanin 1943 da 1945, kuma 'yan Arewa suna da yawa a ciki. Sunan barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna daga can suka samo asali. Muna yara mun ji labarin yaƙin Bama daga bakin tsofaffi, kullum daga ɓangare ɗaya. A nan sai ga ɗaya ɓangaren, da yadda aka shirya wa iyayensu mata labarin a gida. Akwai zanen Miyamoto Saburo na 1942 da ke nuna Janar Yamashita zaune da Janar Percival na Ingila ranar da Singapore ta miƙa wuya, Turawan mulkin mallaka a takure a gefen tebur. Na daɗe a gabansa ina jin abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya ƙasƙantar da mai mulkinmu a ranar shi ma mulkin mallakar yake shimfiɗawa a Koriya da Sin da sauran Asiya, da zaluncin da har yau ba a gama maganarsa ba.

Inda nake ganin gidan ya gaza shi ne a nan ɗin. Zane biyu ko uku daga cikin 153 ba sa isa mutum ya ga girman abin da aka yi, kuma bayanin da ke gefensu gajere ne ga baƙon da bai san tarihin ba. Na fahimci dalilin taka-tsantsan, maƙwabta suna kallo, masu ɗokin kishin ƙasa na cikin gida ma suna kallo. Duk da haka ɗaki guda na dindindin, da cikakken bayani kan wanda ya ba da aikin da wanda aka yi wa ɓarna, zai fi wannan ɗigo-ɗigon amfani. Abin yabon shi ne ba su ware su a wani lungu ba. A kusa da su za ka ga aikin waɗanda ba su bi ayarin ba, kamar Ai-Mitsu, wanda ya zana wani tarin abu mai kama da nama ko dutse da ido ɗaya a tsakiya yana kallonka, a 1938. An ɗauke shi soja a 1944, ya mutu da ciwo a Shanghai a 1946, kuma da yawa daga ayyukansa sun ƙone a Hiroshima.

Bayan yaƙi sai ɗakunan su canza murya. Kitawaki Noboru a 1949 ya zana wani mutum ta baya, da tsohuwar kwat da buhu a kafaɗa, yana tsaye a fili, ga jerin masu jajayen tutoci can nesa a gefe ɗaya, ga hadari a ɗaya gefen, bai san inda zai nufa ba. Okamoto Taro a 1955 ya yi nasa da ja da rawaya masu ƙuna, bayan gwajin bam ɗin nukiliya na Amurka a tsibirin Bikini a 1954 ya zubo wa wani jirgin masuntan Japan toka mai guba. Sai kuma wata hanyar, ta Higashiyama Kaii, 1950, wadda ita nihonga ce: hanya fara-fara ta miƙe tsakiyar koren fili ta ɗan karkata dama a can ƙarshe. Daga gaɓar Tanesashi ta arewacin ƙasar ya ɗauko ta, ya cire dawakai da hasumiyar fitila da ke wurin ya bar hanyar kaɗai. Japanawa suna ƙaunarta ƙwarai, kuma na gane dalili, shekara biyar ke nan da ƙarewar yaƙi. Ni dai ta Kishida ta fi mini, domin tasa tana da ƙura.

Ɗakin nihonga na wannan hawa shi ne mafi sanyin haske a gidan, manyan allunan naɗewa suna bayan gilashi, ga wurin zama a tsakiya. In bazarar Japan ce, wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, sukan fito da na Kawai Gyokudo na 1916: kwazazzabon Nagatoro, kwale-kwale uku masu injin niƙa na ruwa a ɗaure a kogi, furen bishiyar sakura yana zuba a kansu. A lokacin ne kuma bishiyoyin Chidorigafuchi, 'yar tafiya kaɗan daga gidan, suke fure, don haka a sa ran jama'a. A nan na ga aikin Uemura Shoen na 1934, uwa riƙe da jariri yana leƙen labulen kara. Ita ce mace ta farko da aka ba lambar girmamawa ta al'adu ta ƙasar, a 1948, kuma tana cikin mata ƙalilan da za ka ci karo da sunansu kafin ka iso shekarun bayan yaƙi.

Nihonga ba ya jure haske, shi ya sa ake sauya kayan ɗakunan sau da yawa a shekara. Gidan yana da ayyuka fiye da 13,000, abin da ke bango a kowane lokaci kuwa wajen 200 ne. Ma'ana, duk abin da na lissafa a nan ba a zuwa ɗaya na gan shi ba, kai ma ba za ka gan shi a zuwa ɗaya ba. In akwai wanda ka ƙwallafa rai a kansa, ka duba jerin abin da ke bango a shafinsu na intanet kafin ka hau jirgi. Suna wallafa shi ɗaki-ɗaki.

Hawa na 2, daga shekarun 1970 zuwa yau, bai cika riƙe ni ba, kuma ba zan yi kamar na fahimci kowane abu da ke ciki ba. Wanda na tsaya wa shi ne na Lee Ufan, haifaffen Koriya mazaunin Japan: ya tsoma burushi a shuɗin fenti ya ja layi daga sama zuwa ƙasa har fentin ya ƙare, ya sake tsomawa ya ja wani a gefensa, haka har ƙyallen ya cika. Da garin dutse da danƙon fata ya yi shi, kayan aikin nihonga, ko da yake ba wanda zai kira shi nihonga. 'Yata kuwa abin da ta fi so a duk gidan shi ne mutum-mutumin ƙarfe guda biyu na Antony Gormley, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna fuskantar juna ta gilashi. Sai da ta zaga ta tabbatar ba madubi ba ne.

Bayanin bango yana cikin Japananci da Ingilishi da Sinanci da Koriyanci, kuma na farkon kowane ɗaki ya cancanci karatu, an rubuta shi kamar mutum yana yi maka hira, ba kamar takardar jarrabawa ba. Masu gadin ɗakuna suna zaune shiru a kusurwa, ba sa bin ka a baya. Keken guragu da na jarirai suna shiga ko'ina ta lif. Kantin tsaraba ƙarami ne, a waje kusa da ƙofa, kuma katunan zane su ne abin saye.

Akwai gidan abinci a hawa na 2, L'art et Mikuni, girkin Faransa da Italiya, farashinsa na masu hannu da shuni. Ni nakan ci abincina kafin in zo, ko in sayi dunƙulen shinkafa mai kifi a kantin da ke ginin jaridar Mainichi, saman tashar Takebashi. Don salla, akwai ɗakin da aka tanada a babbar tashar Tokyo ta ɓangaren Marunouchi ta arewa, kuma Otemachi da ke manne da ita tasha ɗaya ce daga Takebashi. Awa biyu zuwa uku sun isa a zaga hawa ukun ba gaggawa. Yammacin Juma'a bayan ƙarfe 5 ya fi kowane lokaci sauƙin kuɗi da ƙarancin mutane, sai dai wanda yake son ya haɗa da lambun gabas na fadar sarki, wanda ƙofarsa ta Hirakawa take kusa kuma shigarsa kyauta ne, ya zaɓi wata ranar, domin lambun a rufe yake Litinin da Juma'a.